Kilishin Jikan Sarkin Fawa

Shekarar da nake aji biyu a jami'a aka haɗa ni ɗaki da Kailu, a hawa na huɗu na wani gidan kwanan ɗalibai da ke unguwar Adjamé a birnin Abidjan, wanda kowa ke kira site. Ni Zainulabidin daga Damagaram na zo karatun lissafi. Shi kuwa a nan unguwar Treichville aka haife shi, yana karatun kasuwanci, kuma a iya sanina ba a taɓa ambatar wani abu a gabansa ya ce bai iya ba. In rediyo ta lalace, shi makaniki ne. In ana gardamar ƙwallo, ya taɓa horar da 'yan wasa. Wata rana wani ya ce yayarsa tana naƙuda, Kailu ya fara naɗe hannun riga, sai da aka riƙe shi.

Duk watan Yuni ana bikin al'adu a farfajiyar site. Kowace ƙabila ta kafa rumfa ta kawo abincinta, alƙalai su zagaya suna ɗanɗanawa. A bikin da ya gabata mu Hausawa muka zo na ƙarshe, domin furarmu ta sha zafi ta kumbura, ta ture murfin roba a gaban alƙalai. Shekara guda ana yi mana dariya a matakala. Saboda haka shugabar ƙungiyarmu, Ruƙayya, mai karatun haɗa magunguna, ta tara mu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro saura mako guda.

"Bana ba na son abin kunya," in ji ta. "Wa ke da shawara?"

Wani ya ce dambu, wata ta ce waina. Kailu ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Presidante, ki huta. Kilishi za mu kai."

"Sayowa za mu yi?"

"Ni jikan Sarkin Fawan Madawa, can Nijar, in sayi kilishi? Kakana in ya yanka nama, sai ka shimfiɗa shi a kan wasiƙa ka karanta ta tsaf, har sa hannun."

"Ka taɓa yi da hannunka?"

"A jini yake."

"Ba jininka na tambaya ba, hannunka."

"To hannun ba jini ne a cikinsa ba?"

Aka yi dariya, aka tafa masa. Ni na san kilishi, amma a baki kawai na san shi. Ruƙayya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce za ta yi wa babanta magana.

Babanta, Alhaji Tasi'u, mutumin Kano ne, ya daɗe a Treichville yana shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa. Da muka je ranar Laraba, mun tarar ya sa an ajiye mana cinyar sa guda, mai girma har da kofato.

"Na shekara ban ci kilishin kirki ba," in ji Alhaji. "Ranar Asabar zan zo da mutanen masallacinmu."

"Baba Alhaji, ku zo da leda, don za ku so guzuri," in ji Kailu.

Muka shiga woro-woro, tasin nan ta haɗaka. Direba ya ce but ɗin motarsa ya daina buɗuwa tun bara, don haka Kailu ya rungume cinyar cikin buhu kamar jariri. A kan gada muka tarar da cunkoso. Rana ta buɗe, buhu ya fara ɗiga a kan zanen wata mata da ke tsakaninmu, ta ci ado za ta biki.

"Ɗana, jaririnka ya yi mini fitsari," in ji ta.

"Maman, naman sa ne, na musamman."

"To ka ce wa sanka ya daure ya riƙe har Adjamé."

Kailu ya juya cinyar don ya kawar da ita, kofato ya fito daga buhu ya doki ƙeyar direba. Direba ya taka burki. Ya fito, ya zagayo, ya buɗe mana ƙofa a tsakiyar gada. Da ƙafa muka ƙarasa unguwar Plateau, ni a gaba da kofato a kafaɗa, shi a baya yana yi mini bayanin cewa iskar ruwa tana ƙara wa nama taushi, dama da gangan ya so mu sauka.

Daga can muka wuce kasuwar Gouro sayen kayan haɗi, wurin Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da albasa da barkono.

"Kailu, suna ake yi kuke yawo da nama haka?"

"Kilishi zan yi, Gwaggo."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye mudun da ke hannunta.

"Kai? Kai da na ce ka fere mini doya, ka kawo ɓawon ka zubar da doyar?"

"Gwaggo, a gaban mutane muke."

"Su ma gara su ji."

Ta ce ya nemi tunkuza, gyadar da aka matse manta, da ita ake kwaɓa labun da ake tsoma naman a ciki. Kailu ya zagaya layi biyu bai samu ba, ya dawo da bokitin tigadege, markaɗaɗɗiyar gyadar da ake miya da ita, mai yana yawo a samanta.

"Wannan da manta take, ɗan nan. Ba za ta bushe ba har babbar Sallah."

"Sabuwar dabara ce, Gwaggo. Ku na da ba ku san ta ba."

Ta ɗauko ƙullin garin barkono, na ƙananan nan masu zafi, ta danƙa mini ba shi ba. "Kai na ga kamar kana da hankali. Cokali uku. Kada ku wuce."

A saman benen site, inda ɗalibai ke shanya, Kailu ya zauna yanka da wuƙar burodi. Fallen farko ya fito da kaurin silifa.

"Ta ina ake karanta wasiƙar?" na tambaye shi.

"Wannan na manya ne. Mai kauri ake kai wa sarakuna."

Na biyu ya fi na farko kauri. A na uku ya haɗa da yatsansa. Kafin la'asar ya naɗe yatsu uku da tsumma, nama kuwa ya fito iri-iri, wani dogo kamar ɗamara, wani kamar taswirar Côte d'Ivoire har da iyakar Ghana. Ya barbaɗe su da gishiri ya ce aiki ya yi rabi.

Da safiyar Alhamis ya kwance ƙofar kabad ɗinmu, muka hau da ita sama, ya jera nama a kai. Na nuna masa gabas, na ce hadari ne. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama.

"Wannan hadarin na unguwar Yopougon ne, ba namu ba."

Shirwa ce ta fara zuwa. Ta suri falle guda, ta tashi da shi da ƙyar, nauyi ya fi ƙarfinta ta sake shi. Ya faɗa tsulum cikin bahon wankin Adjoua a ƙasa, shugabar rumfar 'yan ƙabilar Baule, waɗanda suka ci gasar bara. Ta ɗago shi da yatsu biyu ta dubi sama.

"Hausawa, yanzu ta jirgin sama kuke raba abinci?"

"Ɗanɗano ne," in ji Kailu daga sama. "Ki fara shirin kuka."

Bai rufe baki ba ruwan Yopougon ya sauko a kanmu. Muka ɗauki ƙofa da gudu, shi a gaba ni a baya. A kwanar matakala ƙofa ta maƙale, Kailu ya ce in ɗaga, na ɗaga, nama ya zame gaba ɗaya ya bi matakala har hawa na uku. Ɗalibai suka fito daga ɗakuna suna tsince mana, kowa ya miƙo falle ya ce "yako", sannun da suke yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Ruwa bai tsaya ba har Juma'a. Kailu ya ce dama a Madawa manyan gwanaye ba su dogara da rana. Ya ɗaure igiyoyi daga taga zuwa ƙofa, ya rataye nama, har ɗakin ya zama ba ka wucewa sai ka sunkuya. Ya bi ɗaki-ɗaki ya aro fanka tara da na'urar busar da gashi biyu. Ya kuma aro dutsen guga wurin maƙwabcinmu Serge, ɗalibin shari'a, mutumin da ko hankici ba ya fita da shi sai ya goge. Kailu ya shimfiɗa jarida ya dinga goge nama falle-falle, yana cewa ka ji yadda yake kuka, alamar ya karɓa ke nan.

Serge ya karɓi dutsensa bai duba ƙasansa ba, ya goge farar rigarsa ya tafi jarrabawar baka. Da ya dawo, kyanwoyi biyu na biye da shi tun daga bakin titi. Ya tsaya a ƙofarmu, ya juya mana baya don mu ga tambarin dutsen guga, ruwan ƙasa, a tsakiyar rigar.

"Malamin ya tsayar da ni a tambaya ta biyu," in ji shi a hankali. "Ya ce wa ya shigo da gasasshen nama."

"Ya ji ƙamshi ke nan," in ji Kailu. "Ka gayyace shi gobe?"

Serge ya buɗe baki zai amsa, Kailu ya kunna na'urar busar da gashi ta biyu. Wani abu ya yi ƙara a bango, wuta ta ɗauke a ginin kaf. Daga hawa na biyu muka ji muryoyin 'yan mata da ke gyaran gashi don biki, kowace rabin kai a miƙe rabi a cukurkuɗe, suna hawowa suna tambayar ɗakin wa.

Wanda ya riga su isowa shi ne Musye Yao, mai kula da site, tsohon soja. Ba maganar wuta ta kawo shi ba. Tun safe yake bin hawa-hawa da hanci, yana cewa ɓera ya mutu a wani wuri. Da Kailu ya ji takunsa, ya fizge zanen gadona ya yafa a igiyar gaba kamar labule.

"Me ke bayan wannan?" in ji Musye Yao.

"Zainu ne ba shi da lafiya, Musye."

"Wannan da ke tsaye kusa da kai fa?"

Kailu ya waiwayo ya gan ni. "Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi."

Musye Yao ya yaye zanen. Ya daɗe yana kallon naman, naman na lilo a gabansa, ƙudaje suna ta hidima.

"Dokar gida ta hana girki a ɗaki."

"Musye, ka ga tukunya? Ka ga murhu? Shanya ce. Doka ta hana shanya?"

Tsohon ya bi dokokin a kansa, ya ga babu. Ya matso har hancinsu ya kusa haɗuwa.

"Gobe ni ne shugaban alƙalai. In na ci wannan abu na ji daɗinsa, ka ci gaba da zama. In ba haka ba, ka bar mini mabuɗi."

Yana fita Ruƙayya ta shigo, gyale a hanci.

"Kailu, ka gaya mini gaskiya tun da sauran lokaci. In sa a jiƙa shinkafar waina?"

"Presidante, haka yake yi kafin a sa labu. Gobe ke da kanki za ki nemi ƙari."

"Babana ya gayyato har limaminsu."

"To ki ce a ƙara kujeru."

Ranar Asabar da sassafe ya kwaɓa labu a bokitin wanka. Ya zuba barkono cokali uku, ya sunsuna, warin naman na nan. Ya ƙara bakwai. Na ce Gwaggo ta ce kada a wuce uku. Ya ce Gwaggo albasa ta sani, ya karɓe ƙullin ya juye duka. Muka tsoma nama muka rataye. Har azahar bai bushe ba, yana ta ɗiga mai kamar tsumman da aka tsamo daga miya.

"Yanzu fa?" na ce.

Idonsa ya yi haske. "A gaban jama'a zan gasa shi. Su ga yadda ake yi da idonsu."

Ya je bakin titi ya aro rabin ganga wurin mai gasa kaji, muka cika ta da gawayi a gaban rumfarmu.

Farfajiya ta cika. Kiɗa na tashi, 'yan ƙabilar Bete na rawa, rumfar Adjoua ta jera tukwanen sakwarar ayaba da miya, wasu na soya ayabar da ake kira aloko, wasu na zuba zoɓo. Alhaji Tasi'u da liman da wasu dattawa shida sun zauna a layin gaba cikin manyan riguna, kowa da ledarsa a aljihu. Kailu ya fito da babbar rigar aro da hula, ya karɓi makirfo, ya yi jawabi rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce yau Abidjan za ta san bambancin abinci da tarihi. Ya ce duk wanda ya ci, kada ya zarge shi in ya koma gida ya raina girkin uwarsa. Sannan ya ɗauki naman gaba ɗaya ya kife a kan garwashi.

Man gyada ya zuba a wuta, wuta ta tashi har ta lashi rufin rumfa. Hayaƙi ya biyo baya, mai kauri, jaja-jaja, iska ta kwashe shi ta kai layin gaba. Liman ne ya fara tari. Alhaji ya juya zai yi masa sannu, shi ma ya kama. Masu rawa suka tsaya suna murza ido. Sai wani daga baya ya ƙwala ihu:

"Lakirimo! 'Yan sanda!"

Lakirimo shi ne barkonon tsohuwa, kuma ɗalibin Abidjan ba ya jira a faɗa masa wannan kalma sau biyu. Kafin in ƙifta ido farfajiya ta watse. Tebura suka kife, tukwane suka gangara, aloko ya bazu a ƙasa ana takawa. Serge ya haura katanga da sabuwar farar riga. Wata ta tsoma gyalenta a zoɓo ta ɗaure fuska. Wani dattijo cikin mutanen Alhaji, wanda aka shigo da shi ana riƙe da hannunsa saboda ciwon gwiwa, shi ya fara kai wa bakin ƙofa, sandarsa a hammata. Masu shaguna a titi suka ga ɗalibai na gudu suka ja ƙofofi, daga baya muka ji har wajen tashar mota wasu sun kwashe kaya. Mai kiɗa ya gudu ya bar kiɗan na tashi shi kaɗai.

Ni ina bayan bishiyar mangwaro ina hawaye na ga Musye Yao. Ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen hankici, yana rarrafe da gwiwar hannu kamar yadda aka koya masa a soja, yana neman inda aka harbo abin. Ya bi hayaƙi har gaban rumfarmu. Can ya tarar da Kailu shi kaɗai, hula ta karkace, ido ya kumbura, majina har haɓa, yana fifita wuta da kwali.

"Musye, saura minti biyar," in ji Kailu.

Musye Yao ya miƙe, ya ɗauko kular zoɓo daga rumfar maƙwabta, ya juye rabi a kan ganga, rabi a kan Kailu.

Sai da aka yi kusan awa kafin mutane su dawo, ɗaya bayan ɗaya, suna leƙe. Alhaji Tasi'u ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya.

"Zainu, da gaske barkonon tsohuwa ne?"

"Na Gwaggonsa ne, Baba Alhaji."

Ya karɓi sandar abokinsa ya tono falle guda daga toka, baƙi ƙirin a waje, ɗanye a ciki. Ya juya shi ya sake juyawa.

"Na san san nan da ransa," in ji shi. "Bai yi wa kowa laifin da za a yi masa haka ba."

Ruƙayya ta ɗauki makirfo daga ƙasa. Ba ta san a kunne yake ba, ko kuwa ta sani.

"Kailu, ka taɓa zuwa Madawa?"

"Na je."

"Yaushe?"

"Ina shekara bakwai. Za mu Maraɗi, motarmu ta tsaya shan mai."

"Ka sauka?"

"Ta taga na gani. Amma na gani sosai."

"Kakanka mece ce sana'arsa?"

Ya goge zoɓo daga ido. "Tela ne."

"Tela."

"Shi ma ai yanka ne, Presidante. Bambancin kawai shi da almakashi yake yi."

Farfajiya ta ɗauki dariya, dariya ta koma tari, tari ya sake komawa dariya. Liman ya dafa kafaɗar Alhaji yana share hawaye, ban san na wanne ba ne. Alƙalai suka zagaya ba su sami tukunya ko ɗaya a tsaye ba, suka ce bana babu gasa. Adjoua ta zo ta riƙe hannun Ruƙayya.

"Kun yi adalci, ƙawata. Bana kowa ya zo na ƙarshe."

Musye Yao ya tako gaban Kailu. Ya miƙa tafin hannu kawai, Kailu ya lalubo mabuɗi cikin aljihun jiƙaƙƙiyar riga ya ɗora masa.

Washegari na raka shi bakin titi, muka ɗaure katifarsa a saman woro-woro mai zuwa Treichville. Tun daga hawa na huɗu bai ce uffan ba, har na fara jin tausayinsa. Ya shiga ya zauna, ya sunkuyar da kai. Mota ta fara tafiya, sai ga kansa ya fito ta taga.

"Zainu, ka gaya wa Presidante baɗi kada ta nemi kowa. Dangin uwata mutanen Agadas ne. Cuku za mu yi, raƙuma guda kawai nake buƙata."

Na san uwarsa, na sha cin tuwonta. A Bouaké aka haife ta, nan cikin Côte d'Ivoire.